Gida ɗaya a Karkada: yadda fentin ruwan rairayi ya ɓaci, da yadda aka gyara shi

Gidan yana unguwar Karkada a Damagaram, wato Zinder. Ginin bulo ne da shafen siminti: falo ɗaya, ɗakunan kwana uku, lungun da ya haɗa ɗakunan, sai baranda. Falon yana da taga ɗaya ta yamma, ɗaya ta kudu, kuma an shimfiɗa karo mai launin madara a ƙasa. Masu gidan sun so launin da masu fenti ke kira bej, wato ruwan rairayi mai haske, wanda ya ɗan karkata wajen rawaya da ruwan ƙasa. Dalilinsu mai kyau ne. A garin da ƙurar hunturu ke shiga ɗaki ko an rufe ƙofa, farin bango fat ba ya wata biyu sai ya fara nuna datti a saman taga da bayan labule, alhali launin da ya yi kusa da na ƙurar kanta yana ɓoye ta. Sannan ba ya faɗa da kujeru ko darduma, kowane iri aka kawo.

An yi fentin farko a watan Afirilu, kwana 10 bayan magini ya gama shafe, domin ana gaggawar tarewa. Kafin damina ta ƙare, abubuwa huɗu sun bayyana. Bangon falo yana komawa ruwan hoda-hoda da la'asar. Ɗakuna biyu sun fito da wani kore-kore mai duhu, musamman da dare. Kowane bango yana da sawun rulo, layi-layi daga sama zuwa ƙasa. Sannan a gindin bangon da ya jingina da banɗaki, fentin ya kumbura yana ɓarewa, da farin gari kamar kanwa a ƙarƙashinsa.

Maigidan ya ɗauka fentin ne jabu. Da aka duba sauran da ya rage a bokiti, fom ne, wato fentin ruwa, na matsakaicin daraja, ba shi da wani aibi. Duk ɓarnar daga aiki ta fito, kuma kowace tana da nata dalilin.

Launi uku a gida ɗaya

Mai fentin ya sayo farin fom bokiti uku, ya haɗa launin da kansa da kolora, wato ruwan launin da ake ɗiga wa farin fenti, kowane bokiti daban, da ido. Haka ake yi a mafi yawan gidaje, kuma nan ne bej ya fi kowane launi saurin tona asiri. Shuɗi ko kore mai ƙarfi, in an ƙara ɗigo biyar ko an rage, ba mai lura. Bej kuwa kusan fari ne, abin da ke cikinsa na launi bai fi kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari ba, don haka ɗan ƙarin ja ko baƙi yana juya shi gaba ɗaya.

A bokitin falo ya zuba rawaya, ya ga ya yi kamar ƙwai, sai ya ƙara ja don ya kashe shi. Ja ya yi yawa. Da safe ba a gani sosai, amma da la'asar hasken da ke shigowa ta tagar yamma shi ma ja-ja ne, ga katangar tsakar gida mai launin jar ƙasa tana mayar da haske ciki, ga labule ruwan goro. Abu uku suka taru a kan bango ɗaya.

A bokiti na biyu ya guje wa ja, ya sa baƙi don ya rage hasken rawayar. Wannan kuskure ne da ake yawan yi: rawaya mai haske irin ta lemun tsami in ta haɗu da baƙi, kore take bayarwa, irin na zaitun. Sai kuma aka saka ƙwayayen lantarki farare masu lamba 6500K a duk ɗakunan. Haskensu yana da shuɗi-shuɗi, yana cinye ɗumin launin, ya bar koren a fili. Da uwargida ta yi magana tun ranar aikin, amsar da ta samu ita ce wadda kowa ya sani: “Hajiya, in ya bushe zai daidaita.” Ba ya daidaita. Fom yana ɗan ƙara duhu in ya bushe, amma ƙasan launin, ja ne ko kore, yana nan yadda aka haɗa shi.

Bej na gaskiya daga launukan ƙasa ake fitar da shi: rawayar ƙasa mai duhu, wadda ake kira okar, da ruwan ƙasa. Su biyun nan sun riga sun zo a kwance, ba sa buƙatar a kashe su da baƙi mai yawa. Kuma sun fi jure rana da kaifin siminti a kan rawaya mai haske da ja mai haske, waɗanda ke saurin koɗewa.

Siminti da bai huce ba, da zafin bazara

Sabon shafen siminti yana buƙatar kimanin kwana 28 kafin fenti ya hau shi. Busasshiyar iskar Damagaram tana ruɗar mutane a nan, domin fuskar shafen tana yin fari cikin kwana biyu, a ɗauka ya bushe. Ciki da sauran ruwa, kuma simintin yana da kaifi irin na toka wanda ke cin fenti. In ma ba a riƙa yayyafa wa shafen ruwa a makon farko ba, fuskarsa takan ƙone ta zama gari-gari, fenti ya manne da garin maimakon bango. A wannan gida an shafa baƙin ƙyalle a bangon ɗaki, ya fito fari. An manna salatif, aka fizge, ya taho da fenti.

Ba a sa fentin share fage ba, wanda ke toshe ƙishirwar bango. Maimakon haka an tsinka fom ɗin da ruwa kusan rabi da rabi don ya isa. Abin da yawancin kamfanoni ke rubutawa a jikin bokiti bai wuce kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na ruwa a shafin farko ba, da 5 zuwa 10 a na ƙarshe. Ruwan da ya wuce haka yana raba ƙwayoyin launi da ƙaron da ke riƙe su, shi ya sa bangon ke ba da gari.

Sawun rulo kuma daga zafi ne. A Afirilu da Mayu zafin rana a Zinder yana haura digiri 40, alhali fentin ruwa an yi shi ne don a shafa shi ƙasa da digiri 35. An yi aikin da tsakar rana, tagogi a buɗe, fanka tana juyawa. Kafin rulo ya dawo layi na biyu, bakin layin farko ya bushe, sai shafi ya hau kan shafi, wurin ya fi duhu. A kan bej irin wannan layi yana fitowa sosai idan hasken taga ya bi gefen bango.

Farin garin da ke gindin bango gishiri ne da ruwa ke jawowa daga cikin bulo da yashi. Ruwa ya fito fuskar bango ya bushe, gishirin ya tsaya ya ture fenti. Da aka fasa wurin, mahaɗar bututun ruwan banɗaki ce ke ɗiga a cikin bango. Duk fentin da za a shafa a nan, ko na nawa ne, zai ɓare muddin bututun na yoyo.

Gyaran

An jira har Nuwamba. Damina ta wuce, bango ya sha iska, zafi ya sauka, ƙurar hunturu kuma ba ta yi ƙarfi ba tukuna. A ganinmu wannan ne lokaci mafi kyau na fenti a wannan yanki, daga ƙarshen Oktoba zuwa farkon Disamba. Wanda dole ta sa shi yin aiki a bazara, ya fara bayan asuba ya ajiye rulo kafin ƙarfe 11.

Mai famfo ne ya fara shiga. Ya canza mahaɗar, aka bar ramin a buɗe mako biyu. Gishirin an kankare shi a bushe da burushin waya. Ba a wanke shi da ruwa, domin ruwa narkar da shi yake yi ya mayar da shi cikin bango. Bayan an sake shafe, aka manna farar leda mai faɗin kamu biyu a wurin, aka liƙe gefunanta da salatif, ta kwana ta wuni. In aka ga raɓa a cikin ledar ko wurin ya yi duhu, da sauran ruwa. Karo na farko ta yi raɓa, don haka aka bar wannan bango shi ne na ƙarshe.

Sauran bangaye an kankare duk inda fenti ke tashi, aka goge da samfefa mai lamba 80, aka share ƙura da ɗanyen tsumma. Tsagar da ta yi kamar gashi an buɗa ta kaɗan da bakin wuƙar andiwi kafin a cike, domin in an shafa a kanta kawai, takan dawo. Daga nan sai share fage mai jure kaifin siminti, shafi ɗaya. A falo da lungu an bi da andiwi, wato kwaɓin da ake shafawa don bango ya yi sumul, shafi biyu marasa kauri, aka goge da samfefa 180, ana haska bango da tocila daga gefe don a ga tudu da kwari. An sake ɗan share fage a kan andiwin, saboda yana shan fenti fiye da siminti, in ba haka ba wurin zai fito dabbare-dabbare.

Ga lissafin. Falon mita 6 ne da 4, tsayin bango mita 3. Kewayensa mita 20, sau 3, murabba'in mita 60. A cire ƙofa biyu da taga biyu, kimanin 7, saura 53. Kowane ɗaki mita 4 da 3 da rabi ne, bayan cire ƙofa da taga ya ba da kimanin 41, uku 123. Lungu da baranda 44. Jimla 220. Lita ɗaya ta fenti mai kyau tana rufe kimanin murabba'in mita 10 a bangon da aka share wa fage, wato lita 22 a shafi ɗaya, 44 a shafi biyu. Da ƙarin abin da rulo ke sha da wanda za a ajiye, lita 50. Share fagen ya ci kusan lita 28, domin busasshen bango yana sha. A kasuwar Dole da shagunan kayan gini za a tarar da bokitin lita 20 da galan na lita 4 irin waɗanda ke zuwa daga Kano, da kuma wanda ake sayarwa da kilo. Kilo ba lita ba ne: fenti ya fi ruwa nauyi, bokitin kilo 25 bai kai lita 20 ba. A karanta jikin bokitin kafin a yi lissafi.

Nemo launin

Nan ne aka fi ɓata lokaci, kuma ya cancanta. An auni lita ɗaya-ɗaya na farin fenti a roba uku, aka riƙa zuba kolora da sirinji ana rubutawa. Kowane gwaji an shafa shi sau biyu a kan kwali mai faɗin rabin mita, aka bar shi ya bushe sarai. Kwali ya fi shafawa a bango kai tsaye, domin tsohon launin da ke kewaye yana ruɗar ido, kuma ana iya ɗaukar kwalin daga ɗaki zuwa ɗaki. An jingina su a bangon da ke fuskantar tagar yamma, da kusurwar da ta fi duhu, da ƙasa daf da karo. An duba da hantsi, da azahar, da la'asar sakaliya, da bayan isha'i a ƙarƙashin lantarki, kwana biyu a jere, kuma uwargida tana wurin, tunda ita ke wuni da bangon.

Akwai abin da ya kamata mai zaɓen launi a Damagaram ya sani game da rana. Garin yana kusa da digiri 14 arewa da tsakiyar duniya. Daga ƙarshen Agusta zuwa tsakiyar Afirilu rana tana karkata kudu, don haka tagar kudu tana samun haske mai ɗumi, ta arewa kuma haske mai sanyi. Daga ƙarshen Afirilu zuwa tsakiyar Agusta sai ta koma ta ɗan karkata arewa. Ga hazon hunturu da ke mayar da hasken duka fari-fari mai toka. Launin da zai zauna lafiya a duk waɗannan yanayi shi ne wanda bai jingina da ja ko kore ba.

Gwajin da ya yi nasara shi ne mililita 8 na okar, 3 na ruwan ƙasa, 1 na baƙi a kowace lita. Ja ko ɗigo ba a sa ba. A lita 50 ya zama mililita 400, 150 da 50. Wannan awo na wannan kolora ne da wannan fenti. Ƙarfin kolora ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, kowa sai ya yi nasa gwajin. Abin da ba ya canzawa shi ne hanyar: a auna, a rubuta, a ninka.

Fentin an juye shi a tsabtatacciyar durom ta roba guda ɗaya, ba a haɗa shi bokiti-bokiti ba. Kolorar an fara narkar da ita a ɗan fenti cikin kwano kafin a zuba, don kada ta yi gudaji ta fashe a ƙarƙashin rulo ta bar jan layi ko baƙi. An motsa da sanda mai faɗi har ƙasa na minti 15, aka tace da ragar sauro, aka mayar cikin bokitai aka rufe. Ko da an sayi launin da aka riga aka haɗa daga kamfani, a haɗe bokitan wuri ɗaya, domin bugu biyu na launi ɗaya sukan ɗan saɓa. Ruwan tsinkawa na famfo ne. In na 'yan garuwa ne a bar shi ya kwanta a tace, ruwan rijiya mai kanwa kuma a bar shi.

Falo, lungu da baranda sun samu fenti mai ɗan sheƙi kaɗan, wanda ake iya gogewa da ɗanyen tsumma. Shi ya sa aka yi musu andiwi, domin sheƙi yana nuna duk wani tudu. Ɗakunan kwana sun samu marar sheƙi, wanda ke ɓoye aibin shafe amma yana riƙe ƙura. Tunda nau'i biyu ne, haɗin durom ɗin an yi shi sau biyu da awo iri ɗaya, kuma ba a haɗa nau'in biyu a bango ɗaya ba. Mutum biyu ke aiki: ɗaya yana yanke gefuna da burushi, ɗaya yana bin sa da rulo nan take kafin gefen ya bushe. Ba a tsayawa a tsakiyar bango, sai an kai kusurwa. Fanka a kashe, tagar da ke fuskantar iska a rufe. Tsakanin shafi da shafi awa 4 aƙalla, ko da hannu ya ji ya bushe.

Abin da aka ɗora a kan launin

Bej shi kaɗai, bango da plafon, wato silin, da labule da kujeru duka iri ɗaya, yana sa ɗaki ya yi lami. Yana son abin da zai tsaya kusa da shi. Plafon an yi shi fari, amma an zuba kofi ɗaya na fentin bango a kowace lita 4 ta farin, don kada ya yi shuɗi-shuɗi kusa da bango mai ɗumi. Ƙofofi da tagogin ƙarfe an kankare tsatsarsu, aka sa maganin tsatsa, aka bi da fentin mai ruwan makuba, launin da duk wanda ya san tsofaffin gidajen unguwar Birni ya saba gani. Wajen goge tsohon fentin mai, a jiƙa samfefar, a fitar da yara da mai juna biyu daga gidan, domin wasu fentocin mai da jan maganin tsatsa suna ɗauke da dalma, ƙurarta kuma guba ce.

An cire ƙwayayen 6500K daga falo da ɗakuna aka sa masu 3000K, waɗanda haskensu ya fi ɗumi. Na 2700K an gwada shi, ya mayar da bangon rawaya sosai. Farin ƙwan an bar shi a kicin da banɗaki. Mutane da yawa suna cewa jan ƙwai yana ƙara zafi, amma ƙwayayen LED masu wat iri ɗaya, farare ne ko jajaye, zafinsu kusan ɗaya ne.

Labulen ruwan goro ya koma ɗakin yara. A falo an rataya farin yadi mara nauyi daga ciki, da mai kauri ruwan ƙasa a kansa don tare ranar yamma. Abin da ya tayar da ɗakin shi ne shuɗin rini: matasan kujera huɗu na baƙin zane, wanda sanyinsa ke sa ɗumin bangon ya fito. Sai tim-tim biyu na jar fata, aikin dukawan gari, da faya-fayi uku masu ado a bango ɗaya, da tulun Mirriya a kusurwa. Ja ya dawo falon ke nan, amma a kan kaya, inda za a iya ɗauke shi in ya gundura. Dardumar da ke gidan mai fure ja da zinariya ce, kuma ta zauna, domin bangon ba ya jayayya da ita.

A lungu da baranda, inda hannun yara da keke ke gogar bango, an ja layi a tsayin mita 1 da santimita 20, aka yi ƙasan da launi ɗaya amma an ninka kolorarsa sau uku. Haka aka yi wa gindin katangar waje, santimita 70 daga ƙasa, saboda feshin laka na damina. Bangon gabas na waje, wanda ruwan sama ya fi duka, ya samu shafi uku na fentin waje, kuma an ƙara tsawon indararo don ruwa ya daina bin jikinsa.

Wannan duka na ginin siminti ne. Mai gidan ƙasa a Birni ko Zango kada ya ɗauki wannan hanya: fentin mai ko mai sheƙi yana rufe numfashin bangon ƙasa, danshi ya taru a baya, shafen ya faɗo faifai-faifai. Can farar ƙasa da aka ɗan sa wa okar ta fi dacewa, a kuma tuna ita haske take ƙarawa sosai in ta bushe, akasin fom.

Bangon banɗaki an sake gwada shi da leda bayan mako uku, ya fito a bushe, aka share masa fage aka shafa daga fentin durom ɗin nan, launinsa bai saɓa da na sauran ba. Lita 4 da suka rage an juye su a galan, aka sa leda a baki kafin murfi, aka rubuta awon kolora da sunan fentin a jiki, aka ajiye a ɗaki mai inuwa nesa da rufin kwano. Bangon ba a taɓa shi da ruwa ba sai bayan wata ɗaya, lokacin da fentin ya gama ƙarfi. Daga nan sharar ƙura da busasshen tsumma mai laushi, daga sama zuwa ƙasa, sau ɗaya a mako a lokacin hunturu, ta wadatar.